Aikin Itatuwa da Gandun Daji: Yadda Ake Zaɓen Inji da Neman Aiki

Gabatarwa

A kowace shekara samari masu yawa a ƙasar nan suna shiga sana'ar itatuwa, kuma da dama daga cikinsu ta ƙofa ɗaya suke shiga. Mutum yakan sayar da awakinsa ko babur ɗinsa, ko ya ci bashi, ya sayi zarton inji, sa'an nan ya fara tambayar inda aiki yake. Waɗansu sukan dace. Waɗansu kuwa kafin shekara ta zagayo inji ya lalace, ko ma'aikatan gandun daji sun kama shi saboda rashin izini, ko kuma mai shi yana kwance a asibiti. An shirya wannan ƙasida ne domin a nuna wa jama'a cewa hanyar da ta fi ita ce a fara sanin aikin, a koye shi a hannun gwani, a tabbatar da akwai mai biya, kana a sayi injin da ya dace da shi.

1. Ire-iren aikin

Aikin itatuwa ya kasu kashi huɗu, kuma kowane kashi da kayan aikinsa.

Na farko shi ne reno da dashe, watau tara iri, da cika leda da ƙasa, da ban ruwa, da haƙa ramuka, da dasawa, da yin shinge don kare dashe daga dabbobi. Na biyu shi ne kula da gandu: sassabe, da rage cunkoson itatuwa, da share hanyar tare gobara kafin hunturu, da tsaron daji. Na uku shi ne kula da itatuwan cikin gari, irin su darbejiya da maɗaci da mangwaro na bakin titi da makarantu da asibitoci, waɗanda rassansu kan hau rufin ɗaki ko su kusanci wayar lantarki. Na huɗu shi ne sara da fasa katako, wanda ya fi ƙarfi a kurmin kudu, a jihohin Edo da Ondo da Ogun da Kuros Riba, da kuma gandayen tik da malaina da aka dasa.

Nijeriya ƙasa ce mai faɗi, kuma dajinta ba iri ɗaya ba ne. Injin da zai ci riba a Sapele, inda ake kayar da manyan itatuwan katako, nauyi kawai zai zame wa mai shi a Gumel ko Nguru, inda babban aikin da ake nema shi ne a dasa itace a raya shi. Saboda haka tambayar farko da mai sha'awa zai yi wa kansa ita ce, wanne daga cikin ayyukan nan huɗu ne ake biyan kuɗi a kansa a yankin da yake zaune.

2. Tambayoyi biyar kafin a saya

Duk inji, ƙarami ko babba, ya kamata a auna shi da waɗannan tambayoyi:

(a) Kwana nawa zai yi aiki a shekara? Injin da ya yi aikin kwana 200 yana raba kuɗinsa gida 200. Wanda ya yi kwana 20 kuwa, kowace rana tana ɗaukar nauyin kuɗin ninki goma. Idan aikin na 'yan kwanaki ne, haya ta fi saye.

(b) Akwai kayan gyaransa a kasuwa mafi kusa? Sarƙa da fulogi da matatar iska abubuwa ne masu cinyewa. Injin da sai an aika Legas ko Onica kafin a sami kayansa zai kwana a ɗaki lokacin da aiki yake jira.

(c) Akwai makanikin da ya san shi a garin?

(d) Jikin mai shi zai iya ɗaukarsa wuni guda? Gajiya ita ce uwar haɗari a wannan sana'a.

(e) Doka ta yarda da aikin da za a yi da shi?

In amsar ɗaya daga cikin tambayoyin nan ta zama a'a, to, lokacin saye bai yi ba tukuna.

3. Kayan hannu ba abin raini ba ne

Mafi yawan aikin reno da dashe ba ya bukatar inji ko kaɗan. Baro da shebur da dagi da butar ban ruwa da rariya da almakashin rassa da wuƙar aure sun isa a kafa gidan renon itatuwa. Abin da ya fi kowane inji muhimmanci a nan shi ne ruwa mai ɗorewa har cikin bazara, domin ana shuka iri a leda ne watanni kafin damina, a dasa bayan ruwa ya zauna. Mai ɗan jari da ya sa kuɗinsa a rijiya da famfo mai aiki da hasken rana ya fi wanda ya sa shi a zarto samun aikin shekara.

Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun nuna iyakar abin da wuƙa da gatari za su iya. Tun daga 1983 manoman yankin Maraɗi suka ɗauki dabarar da ake kira sassabin zamani. Maimakon a share duk tohon da ya fito daga kututture, sai a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bar su, a datse sauran, a kiyaye su har su zama itace. Da wannan dabara an farfaɗo da gonaki masu faɗin hekta kamar miliyan 5, gawo da sauran itatuwa suka dawo, ba tare da tarakta ko gidan reno ba. Duk saurayin da ya ƙware a kanta yana da ilmin da hukumomin yaƙi da hamada suke nema.

A datsar rassa ma, zarton hannu mai lanƙwasa da zarto mai doguwar sanda sun fi adda da barandami, domin yankansu sumul ne. Akan cire babban reshe da yanka uku: a fara tsaga shi kaɗan ta ƙasa, a yanke shi ta sama ɗan nesa da wannan tsagar, sa'an nan a cire guntun da ya rage dab da kumburin gindin reshe ba tare da an taɓa kumburin ba. Ta haka ɓawo ba ya yagewa, kuma itacen yakan rufe miki da kansa.

4. Zaɓen zarton inji

Ana gane girman zarto da adadin cc da aka rubuta a jikinsa, da kuma tsawon harshensa, watau dogon ƙarfen da sarƙa take zagayawa a kansa. A taƙaice sun kasu uku:

Ƙarami, mai cc 30 zuwa 40 da harshe inci 12 zuwa 16, na datsar rassa da yanka ƙananan itatuwa. Shi ne ya dace da aikin cikin gari.

Matsakaici, mai cc 45 zuwa 60 da harshe inci 16 zuwa 20, na rage cunkoso a gandun tik da malaina da turare, da gunduwa itacen da iska ta kayar.

Babba, mai cc 70 zuwa sama da harshe inci 24 ko fiye, na manyan itatuwan kurmi. Shahararren Stihl 070 da 'yan katako suka saba da shi ya haura cc 100, kuma nauyinsa ya wuce kilo 10 tun kafin a ɗaura masa harshe da sarƙa. Ba injin ɗan koyo ba ne, kuma ba na hawa itace ba ne.

Kuskuren da aka fi yi shi ne sayen babba don a ce an sayi babba. Yana shan mai, yana gajiyar da kafaɗa, kuma dogon harshe ya fi saurin cin karo da abin da ba a nufa ba. Ƙa'ida ita ce a zaɓi mafi ƙanƙantar injin da zai iya aikin da aka fi samu.

Lalle ne mai saye ya tabbatar da waɗannan abubuwa a jikin zarto: birkin sarƙa da ke gaban hannun hagu, da ɗan ƙarfen da ke tare sarƙa in ta tsinke, da makullin totur, da robobin rage girgiza. Akwai kuma zarto mai batir, wanda ba shi da hayaƙi ko ƙara mai yawa. Yana da kyau ga aikin asibiti da makaranta, amma sai inda ake da tabbacin caji.

Sunayen da suka yi fice su ne Stihl na ƙasar Jamus, wanda aka kafa kamfaninsa a 1926, da Husqvarna na ƙasar Suwidin. Saboda shahararsu jabunsu ya cika kasuwa, launi iri ɗaya, suna iri ɗaya, amma kama da wane ba ta wane. A saya a hannun dillalin da kamfani ya amince da shi, a duba lambar inji, a karɓi rasit mai ɗauke da wannan lamba. Wanda zai sayi na hannu kuwa kada ya yi cinikin biri a sama. Ya tafi da makaniki, a tayar da injin yana sanyi, a yanka gungume da shi a gabansa, a gwada birki.

Zarton fetur irin injin nan ne da ake gauraya masa fetur da mai, kamar ƙaramin janareta. Yawancin na zamani suna son kashi 50 na fetur ga kashi 1 na man gauraye, watau mililita 100 a cikin lita 5, amma littafin inji shi ne alƙali. Zuba zallan fetur yana ƙona inji cikin 'yan mintoci. Man sarƙa kuma tankinsa dabam ne. Al'adar zuba masa tsohon baƙin man mota tana cinye famfon mai da harshe, tana kuma cutar da fata da ƙasa. Sarƙa mai kaifi tana fitar da ɓarɓashi manya; in ta fara fitar da gari kamar dusa, ta dakushe, sai a tsaya a wasa ta da magagari. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, don haka a wanke ta kowace rana.

5. Kiyaye rai da lafiya

Sarƙar zarto tana gudun kamar mita 20 a cikin daƙiƙa ɗaya, ba ta kuwa bambanta reshe da ƙafa. Haɗarin da ya fi muni shi ne harbi: idan gefen sama na kan harshe ya taɓa wani abu, zarto yakan yi tsalle sama ya nufo fuskar mai riƙe da shi kafin ƙiftawar ido. Maganinsa shi ne a riƙe da hannu biyu, kada a yanka da kan harshe, kada kuma a ɗaga zarto sama da kafaɗa.

Ƙarar zarto ta wuce desibel 100, alhali kuwa daga 85 kunne yake fara lalacewa in aka wuni a cikinta, kuma kurumtar da ta samu ta wannan hanya ba ta warkewa. Saboda haka kuɗin hular kwano da abin toshe kunne da tabarau da safar hannu da takalmi mai ƙarfe a baki da wandon kariya yana cikin kuɗin inji. Wanda ba zai iya sayensu ba, bai isa sayen zarto ba tukuna.

Wajen kayar da itace, a fara duba inda ya karkata, da busassun rassa, da iska, da wayoyi. A share hanyar gudu ta baya a karkace. Kada kowa ya tsaya kusa da ninki biyu na tsawon itacen. A yanka baki a gefen da ake so ya faɗi, zurfinsa kamar rubu'in kaurin itacen, sa'an nan a yanko ta baya, a bar tsiri mai kaurin kamar kashi ɗaya cikin goma tsakanin yankan biyu. Wannan tsiri shi ne linzamin itace. In aka yanke shi, itacen zai faɗi inda ya ga dama. Kada mutum ya yi wannan aiki shi kaɗai. Hawa itace da zarto sai wanda aka horar, mai igiya da ɗamarar tsaro. Reshen da ke kusa da wayar lantarki kuwa ba a taɓa shi sai kamfanin lantarki ya kashe wuta.

6. Manyan injuna

Tarakta da tirela da tankar ruwa da injin fasa katako sun fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma ba su biyan kansu sai da aiki mai yawa. Waɗannan na ƙungiyar gama kai ne ko na hukuma. Alal misali, garmar Delfino da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawo ƙasashen Sahel, har da Nijeriya, tana haƙa ramukan tare ruwa masu siffar rabin wata a hekta 15 zuwa 20 a rana. Saurayi ba zai saye ta ba, amma yana iya zama direbanta ko makanikinta, kuma wannan ma sana'a ce.

A fasa katako, zarton inji yana cin kusan santimita ɗaya a kowane yanka, yayin da injin zarto mai siririn bel yake cin milimita 2 zuwa 3 kacal. Bambancin nan katako ne da ke zama gari a ƙasa. Wannan asara tana cikin dalilan da suka sa ƙasar Ghana ta hana fasa katakon sayarwa da zarton inji a 1998. Masu niyyar sana'ar katako gara su haɗa jari su sayi inji mai bel. Katafila kuma a yi hattara da ita wajen share fili, domin takan kwashe ƙasar sama mai taki, ta bar fako.

7. Doka da izini

Gandayen daji suna hannun gwamnatocin jihohi, kuma kowace jiha da dokarta. Kafin a sare itacen katako wajibi ne a sami takardar izini daga ofishin gandun daji, a biya kuɗin da aka ƙayyade, ma'aikaci ya buga wa gungume tambari. A jihohi da yawa akwai itatuwan da ba a sarewa sai da izini ko da a gonar mutum suke. Gandayen namun daji na ƙasa, irin su Gashaka Gumti da Okomu da Kamuku, ba a sara a cikinsu sam.

Labarin madobiya ya isa darasi. Shekarun baya an yi rububin sare ta a Taraba da waɗansu jihohi ana kai wa ƙasar Sin. A 2017 ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES take sa ido a kan cinikinsu, a 2018 kuma aka dakatar da cinikin wadda ta fito daga Nijeriya. Kasuwar da ta dogara ga ƙarar da daji ba ta daɗewa, kuma wanda ya sayi inji dominta shi ke kwana ciki. Itatuwa masu ciyar da jama'a, kamar ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka, amfaninsu a tsaye ya fi na gawayinsu nesa ba kusa ba.

8. Inda ake koyo

Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Nijeriya da ke Ibadan, wadda asalinta ya faro a 1954, tana da kwalejoji a ƙarƙashinta. Akwai Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya a Ibadan, da ta Jos wadda aka kafa a 1958, da Kwalejin Injunan Gandun Daji a Afaka kusa da Kaduna, da Kwalejin Kula da Namun Daji a Sabuwar Busa. Suna ba da ƙaramar difloma ta shekara biyu da babbar difloma, kuma ana shiga ta hanyar jarrabawar JAMB. Jami'ar Ibadan ta buɗe sashen gandun daji a 1963, kuma yanzu ana karanta fannin a jami'o'in aikin gona na Makurɗi da Abeokuta da waɗansu jami'o'i da dama, arewa da kudu.

Wanda bai yi karatu mai zurfi ba, ƙofa ba ta rufe masa ba. Ya nemi gwani mai lasin ya zauna a hannunsa, ya fara da jan rassa da wasa sarƙa da gauraya mai, kafin a miƙa masa inji. A lura da maigida kafin a bi shi. Wanda ba ya sa hula, ko yake shiga daji da dare, ba abin koyi ba ne.

9. Inda aiki yake

A gwamnati akwai Sashen Gandun Daji na Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, da ma'aikatun jihohi, da ƙananan hukumomi, da hukumar gandayen namun daji. Akwai Hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa da aka kafa a 2015, wadda take aiki a jihohi 11 na bakin hamada: Adamawa, Bauci, Borno, Gombe, Jigawa, Kano, Katsina, Kebbi, Sakkwato, Yobe da Zamfara. Akwai kuma shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a 2021 domin jihohin arewa 19 da Abuja. Irin waɗannan shirye-shirye masu reno da masu dashe da masu ban ruwa da masu gadi suke bukata, kuma mata suna da babban rabo a aikin reno. Ba a sayen aikin gwamnati. Duk wanda ya nemi kuɗi don ya ba da takardar ɗaukar aiki, ɗan damfara ne.

Gurbin gwamnati ba zai ishi kowa ba. A waje akwai sayar da dashen mangwaro da lemo da kashu masu aure, da kwangilar datsar itatuwan makarantu da unguwanni, da tsagar dakwara don ƙaro a Yobe da Borno da Jigawa, da gyaran zarto da wasa bel a wuraren fasa katako. Makanikin zarto ba ya shiga daji, amma duk mai shiga daji sai ya biyo ta wurinsa.

Mai neman aiki ya riƙe littafi yana rubuta duk aikin da ya yi, da hotonsa kafin a fara da bayan an gama, da takardar shaida daga maigidansa. Kafin ya taɓa itacen wani, a rubuta farashi, da wanda zai kwashe rassa, da wanda zai biya in katanga ta rushe. Samari biyar ko goma da suka yi rajistar ƙungiya sun fi mutum ɗaya samun kwangila da rance.

Kammalawa

Itacen da ya shekara hamsin yana girma, zarto yana kayar da shi cikin 'yan mintoci, shi ya sa wannan inji yake bukatar hannun da ya san abin da yake yi. Ana shawartar duk mai sha'awar sana'ar da ya fara zuwa ofishin gandun daji na ƙaramar hukumarsa ko na jiharsa, ya tambayi dokar wurin, da irin dashen da ake nema, da gwanayen da ke karɓar 'yan koyo. Ana kuma roƙon hakimai da dagatai da malaman makaranta su karanta wa jama'arsu wannan bayani, musamman iyayen da ke shirin saya wa 'ya'yansu inji.